Takin Da Ƙasa Ke Ɓoyewa: Jagora Ga Manomin Shinkafa Kan Sinadarin Fosfaros

Duk wanda ya saba zama da manoman shinkafa ya san wannan ƙorafi: "Na zuba kamfa, na bi da yuriya har sau biyu, amma shinkafar ta tsaya cak kamar an ɗaure ta." Mai sayar da taki ake fara zargi, kuma wani lokaci da gaskiyar manomi, domin jabun taki yana yawo a kasuwa. Sai dai sau da yawa takin lafiyarsa ƙalau. Ƙasar ce ta karɓe wani ɓangare nasa ta riƙe, ta hana saiwa. Ɓangaren da ake riƙewa shi ne fosfaros, sinadarin da lambar tsakiya ta jikin buhun kamfa take nunawa, wanda kuma shi ne abin da ake saye idan an sayi takin sufa.

Halin fosfaros ya sha bamban da na naitirojin da ke cikin yuriya. Naitirojin ɗan yawo ne, ruwa ya tafi da shi, iska ta kwashe shi. Fosfaros kuwa inda ka ajiye shi nan za ka same shi, da ƙyar yake matsawa faɗin yatsa a tsawon damina guda. Daga abin da ka zuba bana, shuka ba ta cika samun fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a wannan kakar ba. Sauran yana nan cikin gonarka, a kulle. Saboda haka a wurin wannan sinadari, lokacin zubawa da wurin ajiyewa da yadda ka riƙe ruwa sun fi yawan buhuna tasiri.

Mataki na farko: ka san wace irin yunwa ce a gonarka

Ƙasa iri biyu ce ke hana shinkafa fosfaros, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda rumbunta fanko ne. Akwai wadda rumbunta yana da abinci amma da kwaɗo a ƙofa.

Ta farko ita ce jigawa da rairayin da suka mamaye Arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Binciken da aka daɗe ana yi a Samaru ta Zariya da kuma cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa irin wannan ƙasa ba ta da ƙarfin riƙe fosfaros sosai, ita dai talaka ce tun asali, ga shekaru ana kwasar amfani ba a mayar mata. Wannan labari ne mai daɗi ga mai irin wannan gona, domin ɗan kaɗan yake sa shuka ta amsa. Shi ya sa dabarar sa taki cikin murfin kwalba a gindin gero, giram 6 na kamfa ko giram 2 na DAP (takin da ya haɗa fosfaros mai yawa da naitirojin) a kowane rami, ta yi tasiri a Nijar.

Ta biyu ita ce ke da wuyar sha'ani. Jar ƙasa mai tsami, irin jangargari da wuraren da marmara ke kusa da sama, cike take da tsatsar ƙarfe da sinadarin alminiyam. Jan launin nan da kake gani tsatsa ce, irin wadda ke cin garma idan ta kwana a ruwa. Da zarar ƙwayar taki ta narke, fosfaros yakan manne a jikin wannan tsatsa. A kwanakin farko riƙon sako-sako ne, saiwa tana iya ƙwacewa. Idan watanni suka shuɗe sai tsatsar ta rufe shi, ya zama sai a hankali yake fitowa. Gwargwadon jan ƙasa da yawan yumɓunta da tsaminta, gwargwadon ƙarfin riƙonta. Mafi tsananin irin wannan ƙasa tana yankunan da ruwan sama ya wanke shekara da shekaru, kamar dazuzzukan kudancin Najeriya da tsaunukan tsakiyar Madagaska da yankin Serado na Barazil, sai kuma ƙasar aman wuta ta tsaunukan yammacin Kamaru, wadda ta fi kowacce haɗama.

A ɗaya gefen kuma akwai baƙar laka mai dararewa da rani, irin ta bakin Tafkin Chadi da ta Jazira a Sudan, da wuraren da farar kanwa ke fitowa a saman ƙasa. Nan ba tsami ba ne, sinadarin kalsiyam ne ke haɗuwa da fosfaros su daskare su koma kamar dutse. A ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, fosfaros ya fi sakewa tsakanin 6 da 7. Ƙasa da 5.5 ƙarfe da alminiyam ne ke kama shi, sama da 7.5 kalsiyam ne.

Fadama fa? Fadama tattara ce, abin da ruwa ya kwaso daga tudu shi take da shi, don haka ba a yi mata kuɗin goro. Ka ɗauki fartanya ka haƙa rami mai zurfin kamu biyu a wurare uku na gonar. Idan ka ga toka-tokan ƙasa mai ɗigon ja da rawaya, ƙarfe ne da ke narkewa da damina yana daskarewa da rani. Idan kana ganin wani abu kamar maiƙo mai launin tsatsa a saman ruwan fangali, wanda idan ka taɓa da kara yake farfashewa, ƙarfen ya yi yawa. Ka kuma lura da wuraren da aka yanke ƙasa lokacin daidaita gona. Inda aka kankare ƙasar sama aka bar ta ƙarƙashi a fili, nan ne shinkafa ta fi tsumburewa, domin ƙasar ƙarƙashi ta fi yumɓu da tsatsa, ta kuma fi talauci.

Mataki na biyu: karanta jikin shinkafar

Abin da ke ruɗar manoma shi ne shinkafar da ke yunwar fosfaros ba ta yin rawaya. Kore take shar, har ta fi ta maƙwabcinka duhu. Sai dai gajera ce, ganyenta siriri a tsaye kamar tsinke, karanta ba kauri, kuma ba ta haihuwa. Gindin da ya kamata ya cika hannu da 'ya'ya sai ka ƙirga huɗu ko biyar. A wasu irin, tsofaffin ganye da gindin kara sukan yi shunayya ko ja-ja. Ka tumɓuke gindi ɗaya ka wanke, za ka ga saiwar ba ta bazu ba. Daga baya fitar kai yakan yi jinkirin mako guda ko fiye, nuna ba ta zuwa lokaci ɗaya, ƙwaya ba ta cika, fanko ya yi yawa a masussuka.

Dalili kuwa, da fosfaros shuka ke sarrafa ƙarfin da take samu daga rana, da shi take gina sabuwar saiwa da sabon tofo. Idan babu shi, yuriyar da ka zuba ma ba ta da abin da za ta gina a kai. Nan ne asara ke zama biyu, domin manomi yana ganin shinkafa ta ƙi tashi sai ya ƙara yuriya.

Kada ka haɗa wannan da wasu cututtuka uku masu kama. Yunwar naitirojin rawaya take sa tsofaffin ganye, fangalin gaba ɗaya ya yi fari-fari. Ƙarancin zinki, wani sinadari da shuka ke bukata ɗan kaɗan, yakan bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan dashe, da ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa kamar an yayyafa ƙura a ganye, kuma tsinka-tsinka yake kama gona. Gubar ƙarfe, wadda aka sani a kwaruruwan yankin Bida da Badeggi, takan fara da ƙananan ɗigo daga bakin ganyen ƙasa har ganyen ya koma launin tagulla, saiwa ta yi baƙi ko ta lulluɓe da tsatsa. Gubar ƙarfe da yunwar fosfaros sukan zo tare, tamkar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Abu ɗaya mara daɗi: lokacin da ido ya ga alamar, yawancin ɓarnar ta riga ta faru. Abin da ka karanta bana na gyaran baɗi ne.

Mataki na uku: gwada ƙasar, sannan ka tambayi gonar da kanta

Ɗauki samfur kafin sharar gona, ƙasa tana bushe. Ka bi gonar a karkace, ka ɗebo daga wurare 15 zuwa 20, daga sama zuwa zurfin santimita 20. Ka kauce wa kan kunya da inda aka taɓa jibge taki ko ƙona kara. Gauraya su a bokitin roba mai tsabta, ka ɗebi kamar rabin kilo, ka shanya a inuwa. Idan gonar rabi ja ce rabi baƙa, samfur biyu za ka yi. Malamin gona na yankinka zai nuna maka ɗakin gwajin da ya fi kusa, sassan nazarin ƙasa na jami'o'i da cibiyoyin binciken noma suna yin wannan aiki.

Ka nemi a auna maka pH tare da fosfaros, ka kuma tambayi hanyar da aka bi, domin lamba ba ta da ma'ana idan ba a san ma'auninta ba. Hanyar Bray ta ɗaya ta ƙasa mai tsami ce, hanyar Olsen ta ƙasa mai kalsiyam ce ko matsakaiciya. A ƙa'idar da cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI da ke Filifin, take amfani da ita, sakamakon Olsen ƙasa da miligiram 5 a kilon ƙasa yunwa ce, 5 zuwa 10 matsakaici, sama da 10 wadata. A Bray kuwa ƙasa da 7 yunwa, 7 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 wadata.

Gwajin nan yana da rauni ɗaya a gonar ruwa. Busasshiyar ƙasa ake aunawa, alhali shinkafa a cikin taɓo take rayuwa, kuma kamar yadda za mu gani, ruwa yana buɗe wani ɓangare na abin da ke kulle. Don haka ni na fi yarda da gwajin da gona ke yi da bakinta. Gani ya kori ji.

Ka ware ƙananan fangula uku a tsakiyar gonar, kowanne mita 5 tsawo mita 5 faɗi, da kunya mai kyau don kada ruwan wannan ya shiga wancan. Iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, yuriya daidai wa daida. Na farko kada ka sa masa fosfaros ko kaɗan. Na biyu ka cakuɗa masa giram 220 na TSP, wato sufa mai ƙarfi, kafin dashe, daidai da kilo 40 na fosfaros a hekta a ma'aunin da ake rubutawa a jikin buhu. Na uku ka ninka, giram 440. Idan sufa ce kawai a kasuwarku, giram 550 da kilo 1 da giram 100 ke nan, amma ka sani sufa tana ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda shi ma yakan yi ƙaranci a ƙasarmu, don haka wani ɓangare na bambancin da za ka gani nasa ne.

A girbe kowanne daban, a busar, a auna. Bambancin kilo ɗaya a wannan ɗan fili daidai yake da kilo 400 a hekta. Idan ukun sun zo kusan ɗaya, fosfaros ba shi ne damuwarka ba, ɗan abin mayar da gurbi ya ishe ka. Idan na biyu ya yi tsalle ya bar na farko, na uku kuma bai ƙara wani abin kirki ba, rumbunka fanko ne kuma matsakaicin taki ya wadatar. Idan na biyu ya ɗan motsa kaɗan, sai na uku ne ya nuna bambanci, ƙasarka mai riƙo ce, sai ta ci nata kafin ta bar wa shuka. Ka bar turaku a wurin, baɗi ka sake dasawa ba tare da ƙarin fosfaros ba. Nan za ka ga nawa ƙasar ke dawo maka da shi daga ajiyar bara.

Mataki na huɗu: lissafin buhu

Lambar tsakiya a buhu ba zallar fosfaros take ƙirgawa ba, wani haɗi ne da ake rubutawa P2O5, wanda kashi 44 cikin 100 nasa ne fosfaros. Shawarwarin malaman gona da wannan ma'auni suke zuwa, mu ma da shi za mu yi lissafi.

A buhu mai kilo 50, kamfa 15-15-15 tana da kilo 7.5. Kamfa 20-10-10, wadda ta cika kasuwa bayan shirin takin gwamnatin tarayya da aka ƙulla da Maroko a watan Disamban 2016, kilo 5 kacal gare ta. Sufa mai kashi 18 tana da kilo 9. TSP da DAP kowanne kilo 23, DAP kuma da ƙarin kilo 9 na naitirojin. Mutum zai ce maka ya zuba "buhu huɗu" kamar yadda ya saba, bai lura ba cewa sauya 15-15-15 da 20-10-10 ya rage masa sulusin fosfaros.

Kowane tan ɗaya na shanshera, tare da karan da ya ɗauke shi, yana zuƙe kusan kilo 3 na zallar fosfaros, wato kusan kilo 7 a ma'aunin buhu. Mai neman tan 5 a hekta zai kwashe wajen kilo 35, kuma mafi yawansa a cikin ƙwaya yake, yana bin buhu zuwa kasuwa. Don haka kilo 30 zuwa 40 a hekta mayar da gurbi ne kawai. Ƙasar da gwaji ya nuna tana yunwa, ko mai riƙo, za ta nemi wajen 60 a shekarun farko, daga baya a sauko idan ajiya ta taru.

Kilo 40 ɗin nan daidai yake da buhu 5 da ɗoriya na 15-15-15, ko buhu 8 na 20-10-10, ko buhu 4 da rabi na sufa, ko ƙasa da buhu 2 na DAP. Mai eka ɗaya ya ɗauki kashi biyu cikin biyar na wannan. Kafin ka biya, raba kuɗin buhu da kilon da ke cikinsa, ka ga wanne ne ya fi araha a gaske. Sau da yawa buhu mai tsada shi ne mai sauƙi, musamman idan an sa kuɗin mota da na dako.

Kada kuma a wuce gona da iri. Fosfaros mai yawa yana danne zinki, sai ka magance wata yunwa ka jawo wata.

Mataki na biyar: da wuri, kuma kusa da saiwa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shinkafa ta fi bukatar fosfaros daga kamuwar dashe zuwa ƙarshen haihuwa, kuma abin da ta tara a wannan lokaci shi take kwashewa daga ganye zuwa ƙwaya daga baya. Al'adar jiran shinkafa ta yi wata guda kafin a watsa kamfa ita ce babbar ɓarnar da na fi gani. Uzurin da ake bayarwa shi ne tsoron ambaliya ko rashin kuɗi a hannu, kuma uzuri ne na gaske. Amma idan kuɗin buhu biyu ne da kai ranar dashe, gara ka sayi mai fosfaros, yuriya ta jira.

A gonar dashe, rage ruwa ya zama taɓo, ka watsa dukkan fosfaros ɗin kafin haro ko kwaɓi na ƙarshe, ya shiga cikin santimita 10 na sama inda saiwa za ta bazu, ka dasa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan hakan ya kuɓuce, kada ya wuce mako biyu bayan dashe. Wanda aka watsa a kan ruwa mai zurfi a saman taɓo yake kwanciya, gansakuka ta samu abinci, idan kuma ruwan ya malala ya tafi da rabonsa. Ba a raba fosfaros kashi-kashi kamar yuriya. Kada kuma ka zuba shi makonni kafin shuka a jar ƙasa, domin kowace rana da ya yi ba saiwa a kusa, tsatsa ce ke cin riba.

A shinkafar tudu, inda babu ruwan da zai taimaka, watsawa kyauta ce ga ƙasa. Ka yi layi, ka binne takin kamar santimita 5 a gefen iri da santimita 5 a ƙarƙashinsa. Hikimar ita ce taki da aka tara wuri ɗaya yana ƙosar da 'yar ƙasar da ke kewaye da shi, saura ya zauna a sake. Wanda aka baza ko'ina kuwa kowace ƙwaya tsatsa ce ta kewaye ta. DAP kada ya taɓa iri, yana ƙona tsiro.

Gadon iri ma a ba shi nasa. Wannan ya fi muhimmanci ga masu noman rani da ke zuba iri a Disamba da Janairu, domin sanyin hunturu yana rage wa saiwa kuzarin zuƙa, har ka ga tsiro ya yi shunayya a ƙasar da ba ta da laifi da damina. Gadon iri ƙaramin fili ne, takinsa ba ya cin kuɗi, tsiron kuma yana tafiya gona da guzurinsa a jiki.

Akwai wata dabara da ta cancanci gwaji a ƙasa mai riƙo. A Madagaska, masu bincike na cibiyar JIRCAS ta Japan tare da cibiyar binciken noma ta ƙasar, FOFIFA, sun gwada tsoma saiwar tsiro cikin kwaɓin laka da aka dama da TSP kafin dashe. Ana kwaɓa shi da kauri yadda zai manne wa saiwa, a jera damman tsiro a ciki kamar rabin sa'a, a dasa da lakar a jiki. Ta haka kowane gindi yana sauka da takinsa a baki. Sun samu ƙarin amfani fiye da watsa adadi ɗaya, shinkafar kuma ta riga fitar da kai. Haɗarinsa shi ne idan kwaɓin ya yi ƙarfi ko tsiro ya daɗe a ciki, gishirin taki yana ƙona saiwa. Ka fara da fangali ɗaya, da TSP ko sufa, ban da yuriya da kamfa.

Gargaɗi biyu na ajiya da haɗi: yuriya da sufa idan aka gauraya aka bari sukan jiƙe su dunƙule. Toka da farar ƙasa kuma ba a haɗa su da sufa a kwano ɗaya, domin kalsiyam ɗinsu yana daskarar da fosfaros tun kafin ya isa gona.

Mataki na shida: ruwa ne mabuɗi

Nan manomin fadama ya fi na tudu sa'a. Idan ruwa ya kwanta a kan ƙasa, iska ba ta shiga, ƙananan halittun cikin taɓo sukan cinye wadda ta rage cikin 'yan kwanaki, sannan su koma kan tsatsa. Jar tsatsa sai ta narke, ƙasa ta koma toka-toka, fosfaros da ke manne da ita ya saku. Cikin 'yan makonni kuma tsamin ƙasar yakan daidaita da kansa ya doshi 6.5 zuwa 7, ko daga tsami ta taso ko daga kanwa. Saboda wannan ne yawancin gonakin ruwa ba sa bukatar farar ƙasa, ita ta jar ƙasar tudu ce mai tsananin tsami.

Amma mabuɗin da ya buɗe shi ke rufewa. Ranar da fangali ya bushe ya dare, iska ta shiga, narkakken ƙarfen yakan koma sabuwar tsatsa, ita kuwa sabuwa ta fi tsohuwa kwaɗayi. Gonar da ke jiƙewa tana bushewa a farkon kaka, saboda tsadar man injin ban ruwa ko jiran layin ruwa a kanal, tana iya nuna yunwa ko da an ba ta taki isasshe.

Don haka daga dashe zuwa cikar haihuwa ka riƙe ruwa mara zurfi, santimita 3 zuwa 5, ka daidaita fangali don kada tsakiya ya zama tsibiri. Dabarar tsimin ruwa da IRRI ta yaɗa, ta kafa bututu mai huji-huji a gona ana barin ruwa ya sauka santimita 15 ƙarƙashin ƙasa kafin a sake bayarwa, dabara ce mai kyau ga aljihu. A ƙasa mai riƙo dai ni zan jinkirta ta har shinkafa ta rufe ƙasa, kuma ba zan bari ta wuce santimita 15 ɗin ba. Lokacin fure kuwa ruwa ya zauna.

Mataki na bakwai: abin da ke sassauta riƙon ƙasa a hankali

Takin gida yana aiki biyu. Yana kawo nasa fosfaros, kashin kaji ya fi na shanu yawa, sannan ruwan tsamin da ke fita idan yana ruɓewa yana mamaye gurbin da fosfaros zai manne a jikin tsatsa. Ruɓaɓɓe ake so, a haɗa shi da ƙasa makonni biyu zuwa uku kafin dashe. A wurin da ke fama da gubar ƙarfe a yi hattara da ɗanyen taki da ɗanyen kara, suna ƙara narkar da ƙarfen. Karan shinkafa fosfaros ɗinsa kaɗan ne, amfaninsa fotash ne, wato sinadarin lambar ƙarshe ta buhun kamfa, da sinadarin silika. Dusar shinkafa ce ke da shi da yawa, don haka wanda ya ciyar da dabbobinsa dusa ya mayar da kashinsu gona ya dawo da wani abu daga abin da ya fita.

Garin dutsen fosfat, irin na Tawa a Nijar da Tilemsi a Mali da wanda ake samu a yankin Sakkwato, ba ya narkewa sai a ƙasa mai tsami, pH ƙasa da 5.5. A cakuɗa shi makonni kafin a sa ruwa, tunda ruwa yana kashe tsamin da zai narkar da shi. Jari ne na shekaru. A baƙar laka mai kalsiyam kuwa asarar kuɗi ce.

Iri ma yana da nasa. A 2012 masu bincike suka bayyana ƙwayar gado mai suna PSTOL1 daga wata tsohuwar shinkafar Indiya, Kasalath, wadda ke sa saiwa ta yawaita tun da wuri ta laluɓo fosfaros. Kafin irin da ke ɗauke da ita ya iso hannunka, mai kwarin da ke tsatsa ya tambayi malamin gona game da FARO 52, wadda aka sani da jure gubar ƙarfe.

Mataki na takwas: amfanin da ke bin shinkafa

A Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori, ana girbe shinkafar damina a shuka alkama ko masara ko tumatir a wuri ɗaya. Wannan amfani na biyu shi ke gamuwa da sabuwar tsatsar nan da ta taso bayan bushewar taɓo. Ƙari a kan haka, akwai wasu zaruruwan naman gwari da ke zama a saiwar masara da alkama suna miƙo musu fosfaros daga nesa, kuma watannin kwanciyar ruwa suna rage su ƙwarai. Ga sanyin Nuwamba da Disamba a kai. Shi ya sa alkamar bayan shinkafa kan fito ja-ja a gonar da shinkafa ta yi kyau.

A jihar Punjab ta Indiya, inda juyin shinkafa da alkama ya zama ginshiƙin noma, shawarar da ake ba manoma ita ce su ba alkama cikakken fosfaros ɗinta, shinkafar da ke biye ta ci ragowar idan ruwa ya buɗe shi. Mai juyi irin wannan a nan, idan kuɗinsa na zubi ɗaya ne a shekara, ya binne shi a layi ranar shukar alkama ko masara. Da damina ya ware fangali ɗaya mai mita 5 ya ba shi sabon fosfaros, sauran gonar ya bar ta da ragowa, ranar girbi ya auna biyun.